An canja wa jami'armu suna: ina matsayin takardata, kuma daga ina al'adar ta samo asali?

"Assalamu alaikum, Baba. Shekara biyu bayan na gama digirina gwamnati ta canja wa jami'armu suna, aka sa mata sunan wani tsohon shugaba. Yanzu ina neman gurbin digiri na biyu a ƙasar waje. Takardar shaidata tana ɗauke da tsohon suna, shafin jami'ar na intanet kuma yana ɗauke da sabo. Shin takardata ta sami matsala? Sannan don Allah wa ya fara sa wa jami'o'i sunayen sarakuna da 'yan siyasa, kuma a ganinka daidai ne?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'a a kan abin da ka sa gaba. Abu uku ka ƙulla a tambaya guda: kana so ka san ko canjin suna ya taɓa darajar takardarka, kana so ka san mafarin al'adar, kana kuma neman ra'ayina a kanta. Na yi shekaru masu yawa a ofishin magatakardar wata jami'a, a sashen da ke ajiye sakamakon ɗalibai da fitar da takardun shaida, kuma ina kan wannan kujera aka canja wa makarantar suna. Saboda haka abin da zan faɗa maka, wani na karanta shi, wani kuwa a hannuna ya wuce.

Da farko kwantar da hankalinka, takardarka lafiyarta ƙalau. Mutum in ya sake suna, gonarsa ba ta zama ta wani ba, bashin da ake binsa kuma bai faɗi ba. Haka jami'a take a idon doka: ita ce dai ta jiya, da malamanta, da kundin sakamakonta, da duk digirin da ta taɓa bayarwa. Akwai 'yan matakai da za ka ɗauka don kada wani ma'aikaci a can ƙetare ya ɗauka makarantu biyu ne, zan zo kansu daga baya.

Tsohuwar al'ada ce

Mu Hausawa mun san yi wa mutum takwara. Ana haihuwa, uba ya ɗauki sunan mahaifinsa ko malaminsa ko wanda ya taɓa yi masa halacci ya raɗa wa jariri, don sunan ya ci gaba da yawo a gidan. Sa wa makaranta sunan mutum daga irin wannan tunani ya fito, sai dai a nan akwai kuɗi da mulki a ciki.

A Bagadaza, wazirin daular Saljuƙawa, Nizamul Mulki, ya gina makarantar da aka buɗe a 1067, aka kira ta Nizamiyya da sunansa, kuma a nan Imam Gazali ya koyar. Bayan kusan shekara ɗari da saba'in Halifa Mustansir ya gina Mustansiriyya a birnin. Dalilin sunan a fili yake: mai sunan shi ya yi gini, shi ya ajiye waƙafin da ake ciyar da malamai da almajirai daga cikinsa. A Turai ma haka, Sarki Charles na Huɗu ya kafa jami'ar birnin Prague a 1348, har yau sunansa take amsawa. A ƙasashen da Ingila ta mallaka kuwa, wasu kwalejoji sukan nemi takardar izini daga fadar sarki, don haka masu kafa su sukan sa sunan sarkin don godiya da neman inuwa. Ta haka aka sami Kwalejin William da Mary a Amurka a 1693, da Kwalejin Sarki a New York a 1754. Wannan al'ada ta sa sunan sarauta ce ta kawo mana Kwalejin Sarki ta Legas a 1909 da Kwalejin Sarauniya a 1927, ko da yake su makarantun sakandare ne.

Abin da nake so ka lura da shi a tarihin nan shi ne yadda sunan ke tafiya da kujerar mai shi. Da Amurkawa suka rabu da Ingila, Kwalejin Sarki ta New York ta koma Columbia a 1784. A Masar, jami'ar Alƙahira ta ɗauki sunan Sarki Fu'ad na Ɗaya a 1940, ta Iskandariyya kuma aka kafa ta da sunan Sarki Faruƙ, amma da sojoji suka kifar da sarauta a 1952 sai duka biyun suka koma sunayen garuruwansu. A Habasha, Sarki Haile Selassie fadarsa guda ya bai wa jami'ar da aka sa wa sunansa, duk da haka da aka tuɓe shi a 1974 ba a daɗe ba ta koma Jami'ar Addis Ababa. Labarin jami'ar Kumasi a Ghana ya fi ban tausayi. A 1961 aka sa mata sunan Kwame Nkrumah, bayan juyin mulkin 1966 aka kankare sunan, sai a 1998, mutumin ya shekara ashirin da shida da rasuwa, aka mayar. Wanda ya karanta a can cikin waɗannan shekaru, ya danganta da shekarar da ya fita, sunan da ke kan takardarsa daban ne da na yayansa ko ƙanensa. Ka ga ashe ba kai ka fara shiga wannan hali ba.

Yadda abin ya kasance a wajenmu

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe a ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardauna yana raye, yana kan kujerar Firimiyan Jihar Arewa, kuma shi ne uban jami'ar na farko. A cikin jami'o'in da jihohi uku na wancan zamani suka kafa, ita kaɗai ta fara da sunan mutum. Ta Gabas ta tsaya a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, ta Yamma ta tsaya a Jami'ar Ife, ba ta ɗauki sunan Obafemi Awolowo ba sai a watan Mayun 1987, kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa.

Labarin Bayero ya fi kowanne daɗin ji, kuma matasa da yawa sun ɗauke shi a karkace. An fara ta a 1960 a cikin Makarantar Koyon Larabci ta Kano, sunanta na farko Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa babbar jami'a a Zariya da wannan suna, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen Zariya. Sarki Alhaji Abdullahi Bayero ake nufi, wanda ya yi sarautar Kano daga 1926 zuwa 1953. Ɗansa Alhaji Ado bai hau gadon ba sai 1963, lokacin kwalejin ta riga ta ɗauki sunan. A 1977 da ta zama cikakkiyar jami'a aka ajiye Abdullahi aka bar Bayero, shi ya sa wasu ke zaton Sarki Ado aka yi wa takwara. Dubi abin da ya faru a nan: makaranta guda ta yi aƙalla suna uku cikin shekara goma sha bakwai, ba wanda ya yi zanga-zanga, domin tana ƙarama, tsofaffin ɗalibanta ba su da yawa, kuma kowane canji ya zo tare da ɗaukaka matsayinta.

Jami'ar Sakkwato ta 1975 ta zama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuma sunan ya zauna daram tun ranar farko. Wa zai ja da sunan Shehu a kan gidan ilimi, a garin da littattafansa da na Malam Abdullahin Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello suke? A wannan shekarar ta Bauchi ta sami 'yancin kanta da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malamin makaranta ne kafin ya zama Firayim Minista.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 jihohi suka yi ta kafa jami'o'i, sai sa suna ya yawaita, ya kuma matso kusa da masu rai da masu mulki. Ta jihar Katsina ta ɗauki sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2009 yana shugaban ƙasa. Ta Jigawa da ke Kafin Hausa ta ɗauki sunan Sule Lamiɗo yana gwamna. A Kano, Northwest da aka kafa a 2012 ta zama Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017 bayan rasuwar Ɗan Masani, a ƙarshen 2024 ta koma sunanta na farko, sunan Ɗan Masani kuma ya koma kan Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kano. A matakin tarayya, an sanar da sa wa Jami'ar Abuja sunan Yakubu Gowon a Disamban 2024, sannan a Yulin 2025 aka sanar da sa wa ta Maiduguri sunan Muhammadu Buhari, kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗauki wata hanya wadda take burge ni. Jami'ar Yamai ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, malamin kimiyya da ya yi fice a binciken makamashin hasken rana. Ta Maraɗi tana amsa sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta Damagaram André Salifou, ta Tawa Djibo Hamani, dukkansu mutanen da suka riƙe alli a jami'a, ko da wasunsu sun taɓa riƙe muƙamin gwamnati. Yaron da ya shiga ƙofar irin wannan makaranta ya tambayi wane ne mai sunan, amsar da zai samu ita ce malami ne, ga littattafansa.

Me ke sa gwamnati ta canja suna?

Akwai godiya ta gaskiya, kada mu raina ta. Yabon gwani ya zama dole, kuma al'ummar da ba ta tuna waɗanda suka yi mata wahala ba za ta sami masu yi mata ba nan gaba. Akwai kuma zafin rashi: babban mutum ya rasu, jama'a na kuka, masu mulki na neman abin da za su faɗa a wajen ta'aziyya wanda zai yi nauyi. Na ukun shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Canja suna ya fi komai araha ga mai yin sa. Gina ɗakin gwaje-gwaje ko ɗakin kwanan ɗalibai na buƙatar kuɗi da shekaru, sanarwar canjin suna kuwa jimla ɗaya ce a gaban 'yan jarida, kuma tana iya faranta ran yanki guda ko magoya bayan wata jam'iyya.

Amma in ta yi araha ga mai sanarwa, a cikin makaranta ba ta da araha. Lokacin da abin ya zo mana, sai da muka sake hatimin jami'a, da takardun wasiƙa, da allunan ƙofa, da rubutun jikin motoci, da katin shaidar ma'aikata da na ɗalibai, da sunan asusun banki. Muna da tarin takardun shaidar digiri da aka riga aka buga da tsohon suna, ba a rubuta sunan kowa a kai ba. Irin wannan takarda ba a jefar da ita a shara, domin in ta faɗa hannun mazambata an shiga uku. Sai da muka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta lambobinsu, aka ƙone su a gaban shaidu. Malamai kuma suka sami tasu damuwar, domin binciken da suka wallafa ya rabu gida biyu a rumbunan ƙididdiga na duniya, wani a ƙarƙashin tsohon suna, wani a sabo, kuma da wannan ƙididdiga ake auna matsayin jami'a. Shekaru muka yi muna rubuta wasiƙu ana haɗe su.

Sanarwa daban, doka daban

Kowace jami'ar gwamnati da doka aka kafa ta, kuma sunanta yana rubuce cikin dokar. A zamanin soja, dokar soja guda ta isa a canja shi. A mulkin farar hula kuwa sai majalisa ta gyara dokar, ta tarayya in jami'ar ta tarayya ce, ta jiha in ta jiha ce, sannan shugaban ƙasa ko gwamna ya sa hannu. Kafin nan sanarwa niyya ce kawai. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne Jami'ar Legas. A ranar 29 ga Mayun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da mayar da ita Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, kuma har yau sunanta Jami'ar Legas. Yawancin masu adawar ba Abiola suke ƙi ba, a yankinsa ne ma aka fi ƙaunarsa. Abin da suka ƙi shi ne a wayi gari a cire sunan da suka shekara hamsin suna ginawa ba tare da an tambaye su ba.

Bayan doka akwai wani alƙali kuma, bakin jama'a. Kusan shekara arba'in ke nan da canjin sunan Ife, amma tsofaffin ɗalibanta har yau da Ife suke kirari. Direban mota a tasha ba ya jiran majalisa, sunan da ya saba da shi zai kira.

Ra'ayina

Tunda ka nema, ga shi. Ba na ƙin a sa wa jami'a sunan sarki ko shugaba, amma ina ganin sai an dubi abin da ya haɗa mai sunan da makarantar. Wanda ya yi fafutukar kafa ta, ko ya ba da filinsa da dukiyarsa, ko rayuwarsa gaba ɗaya ta tafi a kan ilimi, ya cancanta. Wanda alaƙarsa da ita kawai ita ce yana kan mulki lokacin da aka yi sanarwa, ba na jin sunansa zai daɗe, domin wanda zai gaje shi yana iya zama abokin hamayyarsa.

Na biyu, ina ganin a daina sa sunan mai rai da ke riƙe da muƙami. Na san za ka ce to Sardauna fa? Gaskiya ne, yana kan mulki aka sa, kuma sunan ya zauna. Amma ka tuna ba a ƙwace wa kowa suna ba, da shi aka haifi makarantar, shi ya tsaya tsayin daka aka gina ta, kuma bayan kisan da aka yi masa a ranar 15 ga Janairun 1966 ƙaunarsa ƙaruwa ta yi a zukatan mutanen Arewa. Ba kowane mai mulki ne zai sami wannan ba, kuma mutum yana raye littafinsa bai rufe ba. Har wanda ya daɗe da mutuwa ma ana sake duba shi, domin a 2020 Jami'ar Princeton ta cire sunan tsohon shugaban Amurka Woodrow Wilson daga ɗaya daga cikin makarantunta saboda aƙidarsa ta wariyar launin fata. In da ni ake shawara, da na ce a jira shekara goma bayan rasuwar mutum. In har bayan wannan lokaci jama'a na son sunansa, to sun so shi da gaske.

Na uku shi ya fi damuna. Jami'ar da ta shekara arba'in ko hamsin da sunanta, sunan nan ya zama dukiya, kuma masu dukiyar su ne dubban mutanen da ke ɗauke da shi a takardunsu. In ana son karrama wani, ga sababbin jami'o'i ana kafawa, ga ɗakunan karatu, ga asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, ga kujerun farfesa da tallafin karatu da za a iya buɗewa da sunansa har 'ya'yan talakawa su amfana. In kuwa lallai sai an taɓa tsohon suna, to a tambayi majalisar malaman jami'ar da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da mutanen garin tukuna.

Abin da za ka yi yanzu

Ka je ofishin magatakardar jami'arku, ko ka rubuta musu, ka nemi wasiƙar tabbatar da canjin suna. Shafi ɗaya ce, a kan takardar jami'a mai hatimi, tana cewa makarantar da a da ake kira kaza ita ce yanzu ake kira kaza tun daga rana kaza, bisa doka kaza, kuma kai ɗalibinta ne da ka gama a shekara kaza. Ka roƙi a haɗa ta da cikakken sakamakonka lokacin da za su aika wa makarantar da kake nema, domin sakamakon zai fita ne da sabon suna, shaidarka kuwa tana da tsoho, wasiƙar ce za ta ɗinke su. Na taɓa ganin yarinyar da neman gurbinta ya tsaya wata uku a wata ƙasa saboda wannan saɓani kaɗai. Da muka aika irin wannan wasiƙa, ba a yi mako biyu ba aka ba ta gurbin.

Wajen cike fom, rubuta sunan jami'ar daidai yadda yake a takardar shaidarka, harafi da harafi, sannan in akwai wurin ƙarin bayani ka ambaci sabon sunan. In fom ɗin na intanet ne kuma sabon suna kaɗai ke cikin jerin, zaɓe shi, ka ɗora wasiƙar tare da sauran takardu. Haka za ka yi a takardar tarihin karatu da aikinka.

Kada ka ɓata lokaci kana neman a sake buga maka shaida da sabon suna. A inda na yi aiki sau ɗaya ake fitar da shaidar digiri, kuma daidai ne ta ɗauki sunan da makarantar ke amsawa ranar da aka ba ka digirin. Kuma ina gargaɗinka da babbar murya, kada ka yarda wani mai shagon kwamfuta ya ce zai gyara maka sunan a kan takardar. Da zarar an taɓa ta, ta tashi daga sahihiya ta koma ta jabu, kuma nan ne za ka shiga matsalar da kake gudu.

Iyakata a nan ita ce ni ma'aikacin ofishin magatakarda ne, aikin jami'o'in gida na yi. Kowace makaranta a ƙetare da ƙa'idarta, wasu ma sukan tura ka wajen kamfanonin tantance takardu kafin su dubi buƙatarka. Saboda haka ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar tun yanzu, ka gaya musu jami'arka ta canja suna, ka tambaye su ko wasiƙar magatakarda ta ishe su ko suna son ƙarin tabbaci daga hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Ka fara da wuri, domin fitar da cikakken sakamako kan ɗauki makonni, ranar rufe karɓar takardu kuwa ba a ɗaga ta don mutum ɗaya. Allah ya sa a dace, ya kuma sa karatun ya amfane ka ya amfani jama'a.